Sabuwar Shekarar Sinawa Ta Ƙarato: Ƙauyen Aboki, Zaman Guangzhou, Yawon Xi'an da Beijing, ko Komawa Gida?

Duk ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya kwana biyu a ƙasar Sin ya san alamun. Tun cikin Disamba masu kamfani ke fara cewa in kana da oda ka kawo yanzu. Daga nan sai shaguna su riƙa sauke ƙofa ɗaya bayan ɗaya, tashoshin jirgin ƙasa su cika maƙil da masu jakunkuna da buhuna, kowa ya nufi garinsu. Nan tambayar take tasowa: ni kuma ina zan sa kaina? Wani abokin cinikinsa ya ce masa lallai ya zo su tafi ƙauyensu. Wani yana ganin ya kulle ɗaki ya huta. Wani yana son ya yi amfani da hutun ya ga ƙasa, wani kuma zuciyarsa na Kano ko Damagaram.

Sinawa na kiran bikin Chunjie, wato Bikin Bazara. Kullum yana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, domin ko da yake da wata suke lissafi kamar mu, suna ƙara wata guda duk bayan shekara biyu ko uku don kada bikin ya bar lokacinsa. Ranar ta kama 17 ga Fabrairu a 2026, shekarar doki a lissafinsu, sai 6 ga Fabrairu a 2027, sai 26 ga Janairu a 2028. A Disamban 2024 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Amma abin da ya fi shafar mai zaɓe shi ne wannan: biki ne na cikin gida. Zuciyarsa tana kan teburin cin abincin daren jajibere, inda kaka da jika suke zaune wuri ɗaya. Wanda ya tsaya a titi fitilu da jan kyalle kawai zai gani.

Ma'aunin da zan auna da shi

Na farko kuɗi, kuma ba kuɗin tikiti kaɗai ba, har da tsaraba da kyautar yara. Na biyu sauƙin tafiya. Akwai kwana 40 da suke kira chunyun, daga kwana 15 kafin sabuwar shekara zuwa kwana 25 bayanta, lokacin da ƙasar gaba ɗaya ke kan hanya. Ana fara sayar da tikitin jirgin ƙasa a manhajar 12306 kwana 15 kafin ranar tafiya, da sunanka da lambar fasfonka, kuma a hanyoyin da ake rububi yakan ƙare cikin mintoci.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi a wurina: abinci da addini. Na huɗu, me za ka gani da idonka na ainihin bikin. Na biyar, me zai rage maka bayan an watse, domin wata tafiyar hoto kawai take bar maka, wata kuma ta bar maka zumuncin shekara goma.

Akwai kuma abin da ya keɓanci waɗannan shekarun. Sinawa na fara watansu ranar da wata ya haihu a lissafin taurari, mu kuma sai mun gan shi, don haka muna biye da su da kwana ɗaya ko biyu. A 2026 azumi ya kama daf da ranar bikinsu, haka ake sa ran zai kasance a 2027 da 2028. Ke nan daren jajiberensu ƙarshen Sha'aban ne, ana iya ci da rana, amma kwanakin ziyarce-ziyarce da ke biye za su same ka da azumi a baki. Duk zaɓin da za ka yi, sa wannan a lissafi.

Bin aboki ƙauyensu

Gayyatar ba ƙaramar magana ba ce. Basine ba ya kai kowa teburin jajibere. In ya ce ka zo, ya ɗauke ka kusa da ɗan gida ne.

Shiri yana farawa tun mako guda kafin ranar, a abin da suke kira ƙaramar shekara, 23 ga watan ƙarshe na kalandarsu a arewacin ƙasar, 24 a yawancin kudu. Ana share gida lungu da saƙo, a fitar da tsohuwar ƙura, a biya basussuka, a yi aski, a sayi sabbin tufafi. Duk wanda ya ga gidan Bahaushe ana saura kwana uku Sallah zai gane yanayin. A gefe biyu na ƙofa ana liƙa dogayen jajayen takardu masu baitocin fatan alheri, a tsakiya kuma harafin fu, mai nufin albarka. Sau da yawa a kife ake liƙa shi, saboda a Sinanci kalmar kifewa da kalmar isowa furucinsu ɗaya, sai ya zama ana cewa albarka ta iso.

Irin wannan wasa da sauti shi ke mulkin teburin daren jajibere. Dole a kawo kifi sukutum da kai da jela, saboda sunan kifi, yu, ya yi daidai da kalmar rara, kuma da gangan ake rage shi don shekara ta bar saura. A arewa iyali kan zauna tare su naɗa jiaozi, ƙananan ƙunshin kwaɓaɓɓiyar fulawa da nama a ciki, masu siffar curin azurfar da ake ciniki da shi a da. A kudu an fi ji da niangao, wainar shinkafa mai danƙo, wadda sunanta ke kama da ɗaukaka shekara bayan shekara. Da ƙarfe 8 na dare za a kunna talabijin don shagalin da gidan talabijin na ƙasa, CCTV, ke yi tun 1983, ko ana kallo ko ba a kallo. Ba a kwanciya da wuri. Da sha biyun dare ta buga sai ƙauyen ya ɗauki ƙarar abubuwan fashewa da tartsatsin wuta, har ƙasa ta yi ja da tarkacen takarda. Tatsuniyarsu ta ce wani dodo mai suna Nian ne ke fitowa a ƙarshen shekara, kuma ba abin da yake tsoro sai jan launi da ƙara da wuta. A manyan birane an taƙaita wannan ko an hana, a ƙauye ne yake da ransa.

Washegari ba a shara, kada a share arziki, ba a faɗa, ba a ambaton mutuwa. Sai gaishe-gaishe gida-gida, kamar yawon Sallah. Rana ta biyu matan aure kan je gidan iyayensu da miji da 'ya'ya. Rana ta biyar ake sassauta hane-hanen, wasu shagunan su buɗe. Bikin bai cika ba sai daren 15 ga wata, daren fitilu, inda ake shan tangyuan, 'yan dunƙulen garin shinkafa kamar ƙananan curin fura a cikin ruwan zaƙi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Naman da Basine ke nufi in ya ce nama kawai, na alade ne. A ƙauyukan Hunan da Sichuan da Jiangxi gidaje da yawa na yanka aladen shekara, za ka ga busasshen namansa rataye a saman murhu. Ko ganye aka soya, mai yiwuwa da kitsen alade ne, kuma suna da giyar girki da ake zubawa a kifi da kaza. Kazar ma ba yankan Musulmi ba ce. Karo na farko da na bi wani aboki garinsu, abin da na faɗa masa kawai shi ne ba na cin alade. Ban yi maganar kitse da tukunya ba. Kwana uku na yi a kan farar shinkafa da dafaffen ƙwai da lemu da gyaɗa, kuma abin da ya dame ni ba yunwa ba ne, fuskar mahaifiyarsa ce, tsohuwar da ta kwana tana girki ta ga baƙonta ba ya miƙa hannu. Laifin nawa ne da ban yi bayani tun muna birni ba.

Maganin abin a yi shi tun kafin a sayi tikiti. Ka zaunar da abokinka ka lissafa masa: naman alade, kitsensa, romonsa, giyar girki, da naman da ba Musulmi ya yanka ba. Ka koyi kalmar qingzhen, ita ce halal a wurinsu. Ka nemi a ware maka tukunya sabuwa da man gyaɗa ko na waken suya, ka ce kifi da ƙwai da ganye da awara sun ishe ka, ka kuma tafi da naman sa ko na rago daga mahautan Musulmi. In a ƙauyen ana sayen kaza da rai, ka yanka da hannunka. Yawancin iyalai suna karɓar wannan hannu biyu in an faɗa musu da wuri. Abin da ke ɓata rai shi ne a ji shi bayan an jera kwanuka.

Sai giya. Za a zuba baijiu, farar barasarsu mai ƙarfi, a riƙa ɗaga kofi ana yi wa manya fatan alheri. Suna da magana tasu da ke fitar da kai cikin mutunci: yi cha dai jiu, wato shayi a madadin giya. Faɗe ta da murmushi ka tsaya a kanta. Ko za ka zauna a teburin da ake sha, wannan kai da malaminka ne, amma ka san da shi kafin ka tafi.

Abu na uku ya fi waɗannan girma. A gidaje da yawa, kafin a ci abincin jajibere ana jera abinci gaban allunan kakanni, a kunna turaren tsinke, a ƙona takardar da ke matsayin kuɗi, a rusuna. A wasu yankunan arewa kamar Shandong ƙanana kan durƙusa su kai goshi ƙasa gaban dattawa. An ce in ka je gari ka ga kowa da jela kai ma ka nemi taka, amma karin maganar ba ta kai nan ba. Ka koma gefe ka tsaya cikin natsuwa, kada ka ɗauki hoto, kada ka yamutsa fuska. Ba a saba tilasta wa baƙo shiga wannan ba, domin kakannin ba nasa ba ne. Ka gai da dattawa irin gaisuwar da ka saba, ka kira mahaifin abokinka shushu, mahaifiyarsa ayi, kakansa yeye, kakarsa nainai. Jin waɗannan sunaye a bakin baƙo yana faranta musu ƙwarai.

Kuɗin wannan zaɓi yana cikin ambulan. Manya kan ba yara da tsofaffi kuɗi a jan ambulan, hongbao, goron Sallarsu ke nan. In kai magidanci ne mai sana'a, ana sa ran ka ba yaran gidan. A lardin Guangdong abin da sauƙi, yuan (kuɗin Sin) 10 ko 20 ko 50 ba abin kunya ba ne. A wasu lardunan daga 100 ko 200 ake farawa, don haka tambayi abokinka adadin yaran da abin da aka saba. A sa sabbin takardun kuɗi, a guji lamba 4 da ke kama da kalmar mutuwa, 6 da 8 kuwa ana son su. Da hannu biyu ake bayarwa da karɓa, ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. Tsaraba kuma ganyen shayi mai kyau, kwandon lemu, ko dabino. Kada ka kai agogo ko laima, sunayensu na kama da jana'iza da rabuwa. Ga wani abu da ya shafe mu musamman: farar shadda da muke ɗauka kayan fita kunya, a wurinsu fari launin makoki ne. Sa mai launi. Koriyar hula kuwa bar ta a akwati, domin a Sinanci sa koriyar hula na nufin mutumin da matarsa ke cin amanarsa.

Tikiti daga Guangzhou zuwa Changsha a jirgi mai sauri bai wuce yuan 300 zuwa 400 ba, tafiyar ƙasa da awa uku, samunsa ne aiki. In abokinka da motarsa zai tafi, ka huta da wannan, sai dai cunkoson hanya, tunda a kwanakin hutun ƙananan motoci ba sa biyan kuɗin babbar hanya. Doka ta ce baƙon da ya sauka a gidan wani ba otal ba ya yi rajista a ofishin 'yan sandan yankin cikin awa 24. Kada ka yi wasa da wannan, don kai da mai masaukinka duka abin zai shafa. Sai sanyi. Kudu da kogin Huai babu bututun ɗumama gidaje irin na arewa, cikin ɗaki da waje kusan ɗaya ne, ga laima. Alwalar asuba a can jarrabawa ce. In an kawo maka kaskon gawayi, kada ka kwana da shi a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji wari ba.

Abin da ke ragewa fa? A nan wannan zaɓi ya tsere wa sauran. Mutumin da ka ci abinci da mahaifiyarsa, ka ba ɗansa ambulan, ba zai ƙara kallonka a matsayin mai saye kawai ba. Zumunta a ƙafa take, a can ma haka ne. Ba ina cewa hakan zai hana saɓani a ciniki ba, amma ranar da kaya suka zo da matsala, da wanda ya san ka kake magana.

Zama a Guangzhou

Wannan shi ne mafi arha kuma mafi kwanciyar hankali. Ba tikiti, ba sabuwar rajista, sanyin kuma mai sauƙi ne, rigar sanyi ɗaya ta wadatar. Birnin da ka sani da turereniya zai yi tsit, ka samu wurin zama a jirgin ƙarƙashin ƙasa kowane lokaci.

Kuma ba a ce ba abin gani ba. Guangzhou na da abin da babu kamarsa a arewa: kasuwannin furanni na kwana ukun ƙarshe na shekara, waɗanda ke ci har tsakar daren jajibere. Wadda ta fi suna ita ce ta titin Xihu a gundumar Yuexiu. Iyalai kan fito su sayi bishiyar ƙananan lemu a tukunya da reshen fure mai ruwan hoda su kai gida. Bayan biki kuma, ranar da shaguna ke buɗewa, za ka ga masu rawar zaki da ganguna suna bi ƙofa-ƙofa, zakin ya miƙe ya cafko ganyen latas da aka rataya tare da ambulan. Masu gadin gidanku da masu shara za su ce maka gung hei fat choi, wato fatan arziki, da Kantonis, harshen yankin. Ka tanadi ƙananan ambulan dominsu, abin kirki ne mai arha.

Ta fuskar addini nan ne ba ka da damuwa. Ga masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya a titin Guangta, ga masallacin Xianxian inda Musulmin Sin ke danganta wani kabari da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ko da yake a littattafanmu a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Ga 'yan'uwa a unguwannin Xiaobei da Sanyuanli. In azumi ya kama, kana da jam'i da abokan buɗa-baki. Sai dai gidajen abinci da yawa na rufewa, har da wasu na Musulmi masu taliyar Lanzhou da muke dogaro da su, masu kawo abinci gida ma sun ragu. Ka cika firji tun ana saura mako. Ɗalibi kuma ya bincika ko ɗakin cin abincin Musulmi na makarantarsu zai yi aiki a hutun.

Illarsa ita ce kaɗaici, da kuma cewa za ka ga rigar bikin ne ba jikinsa ba. Wanda ke Yiwu ya fi jin wannan, domin babbar kasuwar Futian kan rufe ne sai 12 ga watan farko na kalandarsu take buɗewa, garin kuma kasuwar ce ransa. Akwai hanyar tsakiya da mutane ke mantawa da ita: in kana da aboki ɗan asalin Guangzhou ko Foshan, ka je gidansu cin abincin jajibere kawai ka dawo ɗakinka ka kwana. Dare ɗaya ya fi sauƙin tsarawa a kan kwana biyar.

Yawon Xi'an ko Beijing

Ga mai son ganin ƙasa, waɗannan biyun ne zan ambata, saboda a cikinsu ne shagalin titi da abincin halal suka haɗu. A Xi'an ana ƙawata ganuwar birnin, mai tsawon kusan kilomita 14, da manyan fitilu na bikin. A ƙafa za ka taka zuwa unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, inda Babban Masallacin da ake danganta kafuwarsa da shekarar 742 yake, gininsa irin na Sinawa sak, da farfajiya bayan farfajiya. A nan za ka sha yangrou paomo, romon rago da gutsuttsuran gurasa, abin da ya dace da sanyin garin. A Beijing kuma akwai kasuwannin biki da suke kira miaohui, irin na lambun Ditan da Longtan, da wasanni da kayan ƙwalama, sai unguwar Niujie da masallacinta da aka kafa a 996.

Tsadar ita ce matsala. Tikitin jirgi mai sauri daga Guangzhou zuwa ɗaya daga cikinsu ya kama daga yuan 800 zuwa sama da 1,000 zuwa kaɗai, tafiyar awa bakwai zuwa goma. Otal na tashi a makon hutu, kuma ka tabbatar suna karɓar baƙi 'yan waje kafin ka biya. Wuraren tarihi kamar sojojin yumɓu na Xi'an da tsohuwar fadar sarakuna ta Beijing sai an yi rajista ta intanet kwanaki kafin zuwa. Cunkoso kuwa sai wanda ya gani, domin Sinawa da yawa yanzu suna cin abincin jajibere a gida su fita yawo washegari. Sanyin na kaiwa ƙasa da sifiri, amma cikin ɗakuna da ɗumi. Dabara ɗaya: ranar jajibere da yamma da ranar farko jirage sun fi samun wuri, tunda kowa ya riga ya isa gida.

Ni a ganina wannan tafiya ce mai kyau da aka fi jin daɗinta a wani lokacin. Masallatan da ganuwar suna nan a watan Afrilu, da rabin wahalar. Fitilun ne kawai na wannan mako.

Komawa gida

Ga ɗan kasuwa, hutun gwamnati na kwana takwas ko tara ba shi ne ma'auni ba. Masana'antu kan tsaya mako biyu zuwa huɗu, wasu ma'aikatan ba sa dawowa, sai an ɗauki sababbi an koya musu. Wata guda ne kusan babu abin da za ka tsinana. In ka rufe odarka, kwantenarka ta hau ruwa, zama a can kashe kuɗin haya ne kawai. Ka bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha ka yi azumi cikin iyalinka, ka dawo daf da baje kolin Canton na Guangzhou da ke buɗewa 15 ga Afrilu.

Haɗarin a nan na takardu ne da na ciniki. In bizarka ta shiga ɗaya ce, fita ta cinye ta. Ɗalibi ya duba ranar ƙarewar izinin zamansa. Kada kuma ka ba da kafin alƙalami mai yawa ana saura kwana kaɗan a rufe, kuɗinka zai kwanta wata guda ba a taɓa aikin ba, kuma kayan da aka haɗa cikin gaggawar ƙarshen shekara sun fi zuwa da aibi. Mai son kayan Ƙaramar Sallah ya tuna jirgin ruwa na cin fiye da wata guda kafin Legas, ban da fitarwa da hawowa arewa. A waɗannan shekarun, kayan da ba su tashi kafin bikin ba sai dai a yi Babbar Sallah da su. Ko kana gida, aika wa abokan hulɗarka gaisuwar xinnian kuaile, wato barka da sabuwar shekara, ta manhajar WeChat ranar. Suna lura da wanda ya tuna.

| Ma'auni | Ƙauyen aboki | Guangzhou | Xi'an ko Beijing | Gida |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Matsakaici: tikiti, tsaraba, ambulan | Kaɗan | Mai yawa | Mafi yawa, amma ba haya |
| Sauƙin tafiya | Wuya, sai in da motar aboki | Ba tafiya | Wuya, ga cunkoso | Sauƙi in biza ta ba da dama |
| Halal da ibada | Sai an shirya sosai | Sauƙi, a tanadi abinci | Sauƙi a unguwar Musulmi | Ba magana |
| Abin gani | Ainihin bikin | Furanni da rawar zaki | Fitilu da kasuwannin biki | Babu |
| Haɗari | Abinci, sanyi, rajista | Kaɗaici | Tsada, rasa tikitin dawowa | Biza, barin oda ba mai dubawa |
| Abin da zai ɗore | Zumunci da amana | Hutu | Ilimi da hotuna | Lokaci da iyali |

Wa ya dace da wanne

In kana da abokin da kuka shekara biyu ko uku kuna hulɗa, ya san kana salla, ya taɓa ganin ka ƙi cin abu bai ji haushi ba, karɓi gayyatarsa ko sau ɗaya ne. A shekarun da azumi ke biye da bikin, ka isa ana saura kwana biyu, ka ga liƙa takardu da girki, ka ci abincin jajibere, ka yi gaisuwar ranar farko, ka juyo kafin ko daf da ganin wata. Ka sayi tikitin dawowa tare da na zuwa. In kuwa wanda ya gayyace ka watanni uku ke nan da saninsa, ko kuma ka yi masa bayanin abinci ya ce ba komai ɗan kaɗan ne, yi masa godiya, kai masa tsaraba ofis kafin ya tafi, ka bar zuwan sai wata shekara.

Ɗalibin da ke shekararsa ta farko, wanda Sinancinsa bai nuna ba, ya zauna a birninsa ya shiga liyafar da makarantu kan shirya wa waɗanda ba su tafi ba. 'Yar'uwa ɗaliba da ƙawarta ta gayyata, ta tambayi inda za ta kwana da yadda makewayi da wurin wanka suke kafin ta amsa, kuma zuwa su biyu ya fi. Mai iyali da ƙananan yara a Guangzhou, kasuwar furanni da dare ɗaya a gidan maƙwabci sun ishe shi, yara ba sa jure sanyin ƙauye da ƙarar tsakar dare. Wanda shekararsa ta ƙarshe ke nan a ƙasar kuma yana da 'yan kuɗi a hannu, ya tafi Xi'an, ya kama ɗaki kusa da Babban Masallaci don sahur da tarawihi su zo masa da sauƙi. Ɗan kasuwar da kayansa suka riga suka hau ruwa, bizarsa kuma ta shiga da yawa ce, ya sayi tikitin gida tun farkon Disamba kafin kujeru su yi tsada.